Tukunya ko Teburi: Inda Sabbin Gidajen Abinci Suka Raba Hanya

A watan Disamban 2020 wani matashi Ba'amurke, Jimmy Donaldson, wanda masu kallon YouTube suka fi sani da MrBeast, ya buɗe gidajen abinci kusan 300 a lokaci guda ba tare da ya aza bulo ko ɗaya ba. Babu kujera, babu teburi, babu ƙofar da mutum zai tsaya ya yi sallama. Suna ne kawai a manhajar waya. In ka yi oda, wani kicin da ke kusa da kai, mai nasa abincin da nasa sunan, shi zai soya naman ya naɗe a takarda mai tambarin MrBeast Burger, ɗan aike ya kawo maka har gida. A 2022 kuma wata Bafulatana 'yar asalin Saliyo mazauniyar Ghana, Fatmata Binta, ta lashe babbar kyautar girki ta yankin Basque da ke Sifen, ita ce ta farko daga Afirka. Tabarma ce ta kai ta can. Takan shimfiɗa ta a gari bayan gari, baƙi su tuɓe takalma su zauna a ƙasa, ta kawo musu acha da sauran cimar Fulani a ƙwarya, tana faɗa musu inda kowane abu ya fito.

Gidan abinci kamar yadda muka taso muka gan shi abu biyu yake sayarwa a haɗe, abinci da wurin zama. Sabon yayi ya raba su. Wasu sun riƙe tukunya sun yar da teburi, wato ɓoyayyen kicin da ba ya karɓar baƙo sai oda. Wasu kuma sun mai da zaman kansa hajar sayarwa, har abincin ya koma ɗan rakiya. Duk wanda ke da ɗan jari yana tunanin shiga wannan sana'a yau, a Dubai yake ko a Kaduna, sai ya zaɓi inda zai fi karkata.

Lissafin ɓoyayyen kicin a takarda gwanin daɗi ne. Ba ka bukatar shago a bakin titi mai tsadar haya, lungu ma ya isa. Ba masu kai kwano teburi, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba wanke banɗakin baƙi. Murhu ɗaya kuma zai iya ɗaukar suna biyar: shinkafar da aka dafa da safe ta fita a ƙarƙashin wannan tambari, kazar ta fita a ƙarƙashin wancan. Da haka kamfanin Rebel Foods na Indiya ya girma, inda Faasos da Behrouz Biryani da Oven Story ke fitowa daga kicin guda. Kamfanin kai abinci na Deliveroo ya fara nasa a Landan a 2017, wasu a cikin kwantenoni a filin ajiye motoci. Travis Kalanick, da ya bar shugabancin Uber, ya zuba dala miliyan 150 a 2018 a kamfanin da ke da CloudKitchens. Kitopi na Dubai ya tara dala miliyan 415 a 2021. Annobar korona ce ta hura wutar, domin a lokacin da aka kulle ƙofofi, kicin mara ƙofa shi kaɗai bai rasa komai ba.

Da aka buɗe gari sai lissafin ya fara yoyo. Kuɗin hayar da ka tsere wa yana jiranka a wata ƙofar: manhajar da ke kawo maka mai saye kan yanki la'adar da kan kai kashi 30 cikin ɗari, abin da ya sa birnin New York ya ƙayyade ladan kai saƙo a kashi 15 tun a 2020. Tun da kuma babu allon da mai wucewa zai gani, dole ka sayi talla a cikin manhajar don kada sunanka ya nutse a ƙasan jeri. Kamfanin abinci na Wendy's ya yi shelar buɗe irin waɗannan kicin 700 a 2021, daga baya ya zabtare shirin. A 2023 Uber Eats ya share dubban sunayen da aka gano jerin abinci ɗaya suke maimaitawa da tambari daban-daban. A shekarar ne kuma shi kansa MrBeast ya maka kamfanin da ke tafiyar masa da harkar a kotu, yana cewa abincin da ake kai wa mutane yana ɓata masa suna. Mutumin da sunansa ke jikin takarda ba shi da iko da abin da ke cikinta.

A nan ne nake ganin Bahaushe yana da abin faɗa, domin kicin da mai saye ba ya gani ba baƙonmu ba ne. Tun 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida. Ƙosai, waina, ɗanwake, alale, fura, duk ana yin su ne a tsakar gidan da namiji baƙo ba ya shiga, yara su fita da su talla ko a aiko da kwano. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne ainihin abin da kamfanonin waje suka yar: an san mai tukunyar. Ba wanda ke cewa a sayo waina kurum, sai a ce ta gidan wance. In man ya yi ɗaci yau, kafin azahar maganar ta zaga unguwa, gobe kuma ta gyara ko ta yi kwantai. Matar da ke tallan abincinta yau a WhatsApp da Instagram, tana karɓar odar buɗa-baki da azumi ko dubulan da alkaki na gara, wannan gadon take ci. Lambar mai saye tana hannunta, ta san wanda ba ya son yaji da wadda mijinta ke da ciwon suga. Ranar da ta miƙa wannan lambar ga manhaja, ta zama 'yar aikin dafuwa a kasuwancin wani. Manhajar kuma ba dutse ba ce. A Disamban 2023, 'yan watanni bayan cire tallafin man fetur, Jumia Food da Bolt Food duk suka tattara nasu ya nasu suka bar Najeriya, ko da yake Chowdeck da Glovo sun ci gaba.

Akwai kuma abin da masu zuba jari ba su cika tambaya ba, wato ko abincin kansa ya yarda a yi tafiya da shi. Ɗauki waina. Daɗinta yana cikin mintunan farko bayan an ɗago ta daga tanda, gefe ya yi ƙamas-ƙamas, ciki na turiri. Rufe ta a roba, ɗaure a leda, ɗora a bayan babur daga Kabuga zuwa Hotoro cikin cunkoson Kano. Turirin da ya rasa mafita zai taru a murfi ya ɗigo mata, ta iso a jiƙe, laɓo-laɓo, gefen nan da ake so ya mutu. Tsire ma haka. A bakin tukuba ƙulin yana da ƙarfi, kitsen na ɗiga. Bayan rabin awa a naɗe, kitse ya daskare, albasa ta saki ruwa, takarda ta manne da nama. Amma dambun nama, kilishi, dafa-duka, farfesu a mazubi mai riƙe zafi, waɗannan ba ruwansu da nisa. Ba banza ba biryani da fiza suka yi fice a irin wannan kasuwa. Illar da nake hange ita ce, in kai saƙo ya zama shi ne kasuwa, sannu a hankali jerin abincin gari zai koma abin da babur ya yarda da shi kawai.

Ɗaya ɓangaren kuwa ya ce tun da abinci na iya zuwa gida, sai a ba mutum dalilin fitowa. An yi ta gwaje-gwaje. A Zurich an buɗe Blindekuh a 1999, inda ake ci cikin baƙin duhu, makafi ne ke hidima. A tsibiran Maldibs akwai Ithaa tun 2005, mita biyar a ƙarƙashin teku. A Beljiyam aka fara ɗaga teburin mutum 22 da ƙugiya sama mita 50 a 2006. A Shanghai, Paul Pairet ya buɗe Ultraviolet a 2012, teburi ɗaya kujera goma, kowane kwano da nasa hoton a bango da nasa sautin da ƙamshi. Namu na gida bai kai nan ba, amma jininsu ɗaya: bangon furen roba, rubutun fitila mai walƙiya, kujerar lilo, kusurwar da aka tanada musamman don hoto. A Abuja da Kano yanzu akan tsara inda haske zai faɗo a fuska kafin a gama shawarar wanda zai riƙe kicin.

Ba na cikin masu yi wa wannan dariya. Wurin zama bukata ce ta gaske, musamman a garuruwan da mace da ƙawayenta, ko magidanci da iyalinsa, ba su da wuraren fita da yawa da za su zauna cikin mutunci. Wanda ya tanadi ɗaki mai sirri, wurin salla mai tsafta da ɗan filin wasan yara, ya sayar da abin da babur ba zai taɓa kaiwa gida ba. Mai wurin kuma yana kallon fuskar baƙonsa. In an ture kwano da rabi, ya gani a take.

Matsalar ita ce ado yana sayar da zuwan farko ne kawai. An zo, an yi hoto, an ɗora, shi ke nan bangon ya gama aikinsa. Ba mai maimaita hoto a kusurwa ɗaya. Janareta kuwa dizal ɗinsa yake sha ko kujerun na cike ko babu kowa. Nauyin ba ƙananan wurare kaɗai yake dannewa ba. Gidan abincin Noma na Kofanhegan, wanda René Redzepi ya buɗe a 2003, sau biyar ana zaɓensa gidan abinci mafi kyau a duniya, amma a Janairun 2023 mai shi ya ce salon ba zai ɗore ba. Wurin ya daɗe yana dogaro da 'yan koyo da ba a biyansu, waɗanda ke wuni suna tsinke ganye ɗaya-ɗaya. Da aka fara biyansu a 2022, kuɗin albashi ya ƙaru da aƙalla dala 50,000 a wata. A wannan gaɓar ɓangarorin biyu ba wanda zai yi wa wani gori: can ɗan koyo ne ke ɗauke da nauyin, nan kuma ɗan aiken da ke ratsa ruwan sama a kan babur.

Waɗanda suka fi burge ni a wannan layi su ne waɗanda dabararsu ke cikin tukunya, zaman kuma ya biyo baya. Adejoké Bakare, wadda ta taso a Kaduna, ta fara ne da gayyatar mutane cin abinci a gida a Landan, ta samu ɗan shago a Brixton a 2020, a Fabrairun 2024 kuma gidan abincinta Chishuru ya samu lambar yabo ta tauraron Michelin, ta zama baƙar mace ta farko da ta samu haka a Birtaniya. Sinasir na cikin abin da take ajiye wa baƙi. Abin takaici ne a ce sinasir ya samu teburi mai daraja a Landan, alhali sabbin wurarenmu da yawa sun fi alfahari da shawarma da taliyar Italiya da ba su iya ba. Ga acha a Filato, ga gurasa bandashe a Kano, ga dambun zogale da kilishi a Nijar, duk suna jiran wanda zai ɗauke su da muhimmanci.

In aka ce in zaɓa wa mai ƙaramin jari, kicin mara teburi zan nuna masa, amma irin na gidan wance, ba na kamfani mai suna biyar ba. Ya fara da abinci biyu ko uku da suka jure tafiya, ya sa sunansa da fuskarsa, ya riƙe lambobin masu sayensa a hannunsa, manhaja ta zama ƙari. In ciniki ya kafu sai ya ajiye benci, domin wainar da ba ta tafiya ita ma tana da masu so. Manya ma haka suke ta tsallakawa: gidan abincin Noma ya shiga sayar da kayan ɗanɗano a kwalba ta intanet, wasu kamfanonin ɓoyayyen kicin kuma sun shiga buɗe wuraren zama.

Saura batun tsafta, wanda shi ne ya fi damuna da kicin da ba a gani. A unguwa maƙwabta ne masu sa ido, sun san rijiyar da ake ɗiban ruwa da inda ake zubar da shara. Da ciniki ya tsallake unguwa ya koma na waya, wannan idon ya ɓace, mai saye a wani gefen gari hoto kawai ya sani. A Ingila ƙananan hukumomi, a ƙarƙashin tsarin hukumar kula da lafiyar abinci, na ba kowane kicin maki daga sifili zuwa biyar bayan an je an duba, manyan manhajoji kuma suna nuna makin kusa da sunan. A wurinmu aikin duba-gari ne, kuma kafin ya duba sai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ƙananan hukumomi za su iya farawa da rajista mai sauƙi, mara tsada, wadda ba za ta tsorata matar da ke dafa tukunya biyu a rana ba, a ba ta lamba ta riƙa sawa a jikin robarta.