Ko Kun Sani?

A mararrabar tituna da yawa a Amurka, wata waya ce da aka binne cikin kwalta take sanar da fitilar ba da hannu cewa abin hawa ya tsaya. Ƙarfe take ganewa ta hanyar maganaɗisu, ba nauyi ba. Da yake ƙarfen babur kaɗan ne, wani lokaci wayar ba ta jin zuwansa, sai danja ta ƙi sauyawa.

Shi ya sa wasu jihohi suka yarje wa mai babur ya wuce jar fitila idan ya tsaya cak, ya jira, kuma hanya ta yi sarari: daƙiƙa 45 a Wisconsin, daƙiƙa 120 a South Carolina, minti 3 a North Carolina.