Yaron da Ba Ya Hawaye, da Jinin da Ke Zuwa Ƙwaƙwalwarsa

Jariri na tsala kuka, amma ido a bushe, ko ɗigon hawaye babu. Wannan na cikin alamomin wata cuta da likitoci biyu a birnin New York, Conrad Riley da Richard Day, suka bayyana a 1949, kuma har yau cutar na amsa sunansu. Kusan duk masu ita Yahudawan Ashkenazi ne, 'yan asalin gabashin Turai, inda kusan mutum 1 cikin 30 ke ɗauke da ƙwayar gadonta. Gadon irin na sikila ne: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita. A 2001 aka gano ƙwayar, wadda ake kira ELP1.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda jini ke kaiwa ƙwaƙwalwar masu cutar. A wuyan kowannenmu akwai 'yan jijiyoyi masu auna ƙarfin jini suna kai rahoto sama. Da ka miƙe tsaye, jini ya gangara ƙafafu, nan take zuciya za ta ƙara bugu, hanyoyin jini su tsuke. Ga mai wannan cuta, rahoton ba ya isa. Yana tsaye ƙarfin jininsa ya faɗi warwas. Yana kwance, ko ransa ya ɓaci, ya haura sama.

Duk da haka ba kasafai yake suma ba. Da masu bincike a Jami'ar New York suka auna gudun jini a cikin kai da na'urar sauti, irin ta hoton ciki, sun ga hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa na buɗewa da tsukewa da kansu, suna jure faɗuwar da za ta kayar da lafiyayyen mutum. Tun yarinta suka saba.

Wannan juriya tana iya ruɗin iyaye, har da likita, domin yaron da bai ce jiri na ɗibarsa ba sai a ɗauka lafiya lau yake. Alhali hawa da saukar nan na cin ƙoda a hankali. Kuma idan iskar oksijin ta ragu a jini, jikinsa ba ya gaggauta numfashi yadda ya kamata. Shi ya sa barci ya zama lokacin haɗari, har wasu kan rasu a cikinsa. Don haka ake auna jininsu a kwance da a tsaye, a ɗaga kan gado, wasu kuma a sa musu na'urar taimakon numfashi da dare.