Ire-iren Ayaba a Ƙasar Yuganda

A yawancin ƙasashe, ayaba kayan marmari ce da ake ci bayan an ƙoshi. A Yuganda kuwa ita ce tuwon kanta. A harshen Luganda, kalmar da ake kiran abinci da ita, wato "emmere", da ita ake kiran dafaffiyar ayaba. Mutanen ƙasar suna cikin sahun gaba a duniya wajen yawan cin ayaba.

Asalin ayaba daga Kudu maso Gabashin Asiya yake. An gano alamun nomanta a fadamar Kuk da ke Papuwa Niu Gini tun kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Kusan duk wadda ake ci a yau ta samo tushe ne daga ayabar daji iri biyu, Musa acuminata da Musa balbisiana. Masana suna yi wa gadon ta farko laƙabi da harafin A, na ta biyu kuma B, don haka ake rarrabe iri da lambobi kamar AAA ko AAB ko ABB. Haruffa uku suna nufin shukar tana ɗauke da jerin ƙwayoyin gado uku maimakon biyu, wanda shi ne babban dalilin da ya sa ba ta cika yin ƙwaya ba. Manomi yakan cire ɗan tsiron da ya fito a gindin uwa ne ya dasa.

Sarauniyar gonakin Yuganda ita ce matoke, mai lamba AAA, wadda ta fi son tsaunuka masu tsayin mita 1,000 zuwa 2,000. Ana sare nononta tun yana kore shar, a fere, a ƙunshe cikin ganyen ayaba, a turara. Idan ta yi laushi sai a murje ta cikin ganyen, a mayar wuta, ta fito rawaya kamar tuwo, a ci da miyar gyaɗa ko wake ko nama. Matoke tana da ire-ire da dama, waɗanda aka kasa gida biyar: Musakala, Nakabululu, Nakitembe, Nfuuka da Mbidde. Ta ƙarshen tana da bauri, ba ta daɗin dafuwa, sai dai a nunar da ita a matse ruwanta a sha, ko a haɗa da dawa a yi giyar gargajiya da ake kira tonto. Kayinja, mai lamba ABB, ita ma wannan aikin take yi.

Akwai gonja, wato agade irin wanda ake gasawa a bakin titi a kudancin Nijeriya. Na ci ɗanye kuwa, akwai ndiizi, 'yar gajera mai zaƙi ƙwarai, da bogoya, doguwa mai ƙamshi. Bogoya tana da tarihi: ita ce Gros Michel da ta mamaye kasuwannin Turai da Amurka, har cutar Panama ta rusa gonakinta a Amurka ta Tsakiya wajejen shekarun 1950, aka maye gurbinta da Cavendish.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya shafi matoke kai tsaye. Tsiron da aka cire daga gindin uwa kwafinta ne sak, don haka cutar da ta kayar da ɗaya tana iya kayar da gona sukutum. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ire-iren matoke, duk da bambancin sunaye da kamanni, kusan abu ɗaya ne, alamar cewa daga kaka guda suka yaɗu. Yawan suna ba shi ne yawan kariya ba. A 2001 aka gano wata cutar bakteriya a gundumar Mukono, wadda a da aka sani a Habasha. Takan sa ganye ya yi yaushi, 'ya'ya su nuna kafin lokaci su ruɓe daga ciki. Ƙwari ne ke ɗauko ta daga furen da ke rataye a ƙarshen nono, sai kuma adda da wuƙar manomi. Kayinja ta fi kowa shan wuya. Maganin da ya fi amfani ba na kanti ba ne: a karye furen da sanda mai baki biyu da zarar 'ya'ya sun gama fitowa, a sa kayan aiki a wuta kafin a taɓa wata shuka, a kuma sare wadda ta kamu.

Samar da sabon iri aiki ne mai cin rai, domin sai an yi ta barbarar furanni da hannu kafin a sami 'yan ƙwayoyi kaɗan. Hukumar binciken aikin gona ta Yuganda, NARO, tana wannan aiki tare da cibiyar IITA mai hedikwata a Ibadan. A 2010 an fitar da wani iri da ake kira Kiwangaazi, mai jure cutar baƙin tabo ta ganye. Sai dai juriya kaɗai ba ta isa ba, domin mai saye a kasuwar Kampala yana duban launi da laushi da ɗanɗano, kuma irin da ya fito fari-fari ko da tauri bayan turarawa, manoma kan yi jinkirin dasa shi komai yawan amfaninsa.