Rabon gadon gona: a sasanta tun da rani

Ƴan'uwa manoma na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, kun sani mutane sun yi yawa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Gandun da ya ciyar da gida ɗaya jiya, yau gida biyar ke dubansa. Shi ya sa in maigida ya rasu, gardama takan tashi tsakanin ƴaƴansa. Gonar da ake gardama a kanta ba mai kai mata taki. Wani lokaci damina ta wuce ba a shuka ta ba.

Kafin ku nufi gidan shari'a, ga hanyar sulhu.

Da farko ku zauna cikin gida. A kira magada duka, maza da mata, har da wanda ke ci-rani. A kira dattijan dangi da malamin da ya san rabon gado. A fara da biyan bashin mamaci. In akwai gonar aro ko ta jingina, a faɗa a gaban kowa.

Kada a manta da mata. A Musulunci, in mamaci ya bar ƴaƴa, matarsa na da kashi 1 cikin 8. In matan sun fi ɗaya, su raba wannan kashi. Ɗiya na da rabin rabon ɗa namiji. Aure a wani gari ba ya kashe gadonta. Rabon maraya kuwa amana ne har ya girma.

In ba ku shirya ba, ku je wurin mai gari, daga nan sai wurin sarki. Dokar 2015 ta sarautar gargajiya ta ba sarakuna ikon sasanta mutane. Sulhu suke yi, ba su yanke hukunci. Ba a tilasta wa kowa ya yarda.

In kun shirya, a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu. Ana iya kai ta ga alƙali ya ƙarfafa ta. In sulhu ya ƙi, shi ma a rubuta, sannan magana ta tafi gidan shari'a.

Sai a fita gona tare da maƙwabta, a bi iyaka. A dasa gamba ko aguwa. A faɗi wanda ke da gawo, wanda ke da kuka. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa. Na gari shi ne Kofob. Ku nemi takardar shaidar gona a wurinsa.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, aiki ya same ku. Ku karanta wa iyayenku mata takarda kafin su dangwala yatsa. Ku adana ta inda gara da ruwa ba su kai.

Ku gama wannan tun da rani, ruwan shuka ya tarar da kowa ya san gonarsa. Allah ya ba mu damina mai albarka.