Katakon Kubwa, Daga Wane Daji?

Tambaya ɗaya ce ta kai ni wata rumfar katako a Kubwa: daga wane daji ake saro itatuwan da ke rufe gidajen garin nan, alhali kewayensa duwatsu ne da sababbin gine-gine? Muka gaisa da mai rumfar, aka jawo mini benci. Injin tsaga na ta ƙara, dusar katako ta lulluɓe yaran shago har gashin ido, an jibge tu-bai-fo da falankai sun kusa taɓa kwano.

Mai rumfar dattijo ne da ya yi furfura a sana'ar. Ya ce yawancin kayan daga kurmi suke, wajen Ondo da Edo, tireloli su sauke a kasuwar Dei-Dei, su kuma su saro daga can. Na ce, "Baba, ta yaya kuke gane na halal?" Sai ya bayyana mini cewa a ƙa'ida malamin daji yana buga hatimin guduma a gindin gungume kafin a fita da shi, direba kuma ya riƙe takardar izini. Haka dokar take. Gandayen daji na gwamnati a hannun jihohi suke, kowacce da dokarta, kuma da yawansu sun samo asali ne daga dokar Turawa ta 1937: a nemi izini, a biya kuɗin itace, kada a sare wanda kaurinsa bai kai ba. Tarayya ta fitar da manufar kula da dazuzzuka a 2006, ta sabunta a 2020.

"Amma Malam," in ji shi, "da zarar zarto ya bi ta kan gungume, hatimi ya tafi. Wanda ya biya izini da wanda ya shiga daji cikin dare, a kasuwa ɗaya za su haɗu, kuma na daren ya fi araha. Mai gini kuwa kuɗi kawai yake tambaya."

Ya tashi ya zaro wani falanki da ya lanƙwashe, ya danna farcensa a jiki har ya bar shaida. "Ka gani? Bai nuna ba aka sare shi. Damina biyu, ƙwaro ya gama da shi, ni kuma kafinta ya zo ya ce na cuce shi."

Da muka zo kan madobiya sai muryarsa ta canza. Yana yaro, in ji shi, ba a ɗauke ta bakin komai ba, ganyenta ake sara wa shanu da rani. Sai masu saye daga ƙasar Sin suka buɗe mata kasuwa, aka yi wa dazukan Taraba rubdugu. A 2016 aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. "An rufe ƙofa bayan ɓarawo ya fita. Mun ci abinci da daji, mun aurar da 'ya'ya da shi, amma ban taɓa dasa ko ɗaya ba, kuma abin yana damuna."

Na fahimci cewa dillali mai bin doka ba zai iya shi kaɗai ba. Kai mai shirin rufi a Kubwa, kafin ka biya, ka tambayi inda katakon ya fito, ka kuma ƙi ɗanye ko da ya fi araha.