Ƙungiyar Marubuta ta Raina Kama

Raina Kama ƙungiya ce ta marubuta ƙagaggun labarai na Hausa wadda ta bayyana a birnin Kano wajen ƙarshen shekarun 1980. Tana cikin ƙungiyoyi na farko da suka haɗa kan matasan marubuta domin su koya wa juna aikin rubutu, su kuma buga littattafansu da kansu. Fitattun mambobinta sun haɗa da Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa.

Suna

An ɗauko sunan daga karin maganar Hausa da ke cewa "raina kama ka ga gayya", wato abin da aka ƙasƙantar a ido yana iya ba da mamaki. Sunan ya dace da yanayin marubutan, domin wasu daga cikin jagororin ba su yi dogon karatun boko ba, ta hanyar makarantun yaƙi da jahilci suka ƙaro iliminsu.

Tarihi

Ƙagaggen labari a rubutun boko ya samo asali ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a shekarar 1933, wadda ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan wannan, hukumomi da kamfanoni kamar NNPC na Zariya su ne suka riƙe harkar ɗab'i. Da tattalin arzikin Najeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, kamfanonin suka fi karkata ga littattafan makaranta. Sabon marubuci ya rasa inda zai kai labarinsa. Wannan giɓi ne ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka cike.

Yadda ta yi aiki

A wancan lokacin, mambobi kan duba rubutun juna kafin a kai maɗaba'a, su ba da shawara kan tsarin labari da ƙa'idojin rubutun Hausa, kamar raba kalmomi da amfani da haruffa masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ). Wanda ya riga ya buga littafi kan nuna wa sabon shiga hanyar hulɗa da masu ɗab'i da 'yan kasuwa. Littattafan na ɗauke da tambarin ƙungiya, kuma akan jera sunayen littattafan sauran mambobi a cikinsu, ta yadda kowane littafi ke tallata 'yan'uwansa. Akan raba labari kashi biyu ko uku a ƙananan littattafai masu rahusa, waɗanda 'yan kasuwa ke kaiwa sauran garuruwan Arewa har da Jamhuriyar Nijar.

Fitattun ayyuka

Littafin In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya yi farin jini ƙwarai a farkon shekarun 1990, daga baya aka mayar da shi fim. Balaraba Ramat ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, inda ta taɓo auren dole da ilimin 'ya mace da zaman kishiyoyi. Aliyu Kamal ya fassara na ƙarshen zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga shi a 2012.

Suka da muhawara

Ibrahim Malumfashi ya kira irin waɗannan littattafai "Adabin Kasuwar Kano", yana ganin ba su da inganci kuma ba za su ɗore ba. Wasu kuma sun zarge su da kwaikwayon finafinan Indiya da ɓata tarbiyyar matasa. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu sun kare su, suna nuna cewa sun farfaɗo da karatun Hausa, musamman tsakanin mata. An shafe shekaru ana wannan muhawara a jaridu.

Tasiri

Da harkar finafinan Hausa ta bunƙasa a shekarun 1990, marubuta da dama sun koma can. Duk da haka, tsarin haɗa kai don gyara rubutu da horar da sababbi ya ci gaba a reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, da ƙungiyoyin mata irin su Kallabi da Mace Mutum, da kuma zaurukan marubuta na intanet.