Gashi da Allura Wajen Maganin Sankarar Mahaifa

Sankarar mahaifa, wadda Hausawa kan sakaya su ce ciwon daji, iri biyu ce. Akwai ta bakin mahaifa, wadda ita ta fi addabar mata a ƙasar nan, akwai kuma ta cikin mahaifa, wadda galibi takan kama matan da suka daina al'ada. Ban da tiyata, hanya biyu likitoci ke bi su yaƙe ta, watau gashi da allura.

Gashi shi ne a auna wa ciwon wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ya kashe ƙwayoyinsa a inda suke. Akan yi shi kwana 5 a mako har kimanin mako 5, sannan a ƙara da na ciki, inda ake shigar da abin da ke fid da hasken kusa da ciwon. Aikinsa bai wuce ƙugu ba, haka ma illarsa: gudawa, zafin fitsari da tsayawar haihuwa.

Allura kuwa, wadda ake kira kemo, magani ne da ake ɗurawa ta jijiya, ya bi jini ya zaga jiki duka. Saboda haka ita ke cim ma ciwon da ya yi nisa, ya kai huhu ko hanta. Amma takan jawo amai, ƙarancin jini da zubewar gashin kai.

Ashe ke nan ba kishiyoyi ba ne. A shekarar 1999 bincike a Amurka ya tabbatar cewa, a sankarar bakin mahaifa, in aka haɗa gashi da allurar cisplatin mako-mako, an fi samun tsira bisa ga gashi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ta cikin mahaifa kuwa, cire mahaifar ake fara yi, sannan a duba wanne zai biyo baya.

Shekaru da dama, mace daga Katsina sai ta je Shika ko Sakkwato kafin a yi mata gashi, ga kuɗin mota, ga na masauki. Wadda guzurinta ya ƙare takan dawo gida aikin bai kammala ba, alhali ana so a gama shi cikin mako 8. A shekarar 2025 aka buɗe cibiyar masu wannan ciwo a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Sai dai na'ura ba ta da amfani ga wadda ta zo a makare. Duk jinin da ya zo bayan saduwa, ko bayan ɗaukewar al'ada, ya cancanci ganin likita tun da wuri.